Magaji da Mitocin Surukinsa

An haifi Magaji a Unguwar Gano, a wani gidan haya mai rijiya ɗaya da masu ɗiba da yawa. Mahaifinsa, Ashiru direba, mutumin Bunkure ne da ya shigo birni da ƙuruciyarsa ya kama jan bas tsakanin Gyadi-Gyadi da Bata. Bas ɗin ba ta rasa komai ba sai allurar nuna gudu, wadda ta kwanta tun kafin a raɗa wa Magaji suna. Duk ranar da aka ɗauke shi a gidan gaba, idonsa a kan allurar nan yake.

"Baba, gudu nawa muke yi?"

"Wanda zai kai mu," in ji Ashiru.

Amsar ba ta taɓa gamsar da shi ba. Haka ya tashi, yaro mai shiru, mai buɗe cikin rediyo da agogon bango, wani lokaci har ya mayar da su su ci gaba da aiki. Da ya gama sakandare bai samu gurbin karatu ba, sai ya zauna a shagon wani mai gyaran talabijin a Tarauni, yana riƙe masa kayan aiki yana kallo.

Shekarar da soja suka koma bariki, 1999, gari ya cika da masu neman a buga musu takarda. 'Yan takara, sababbin kansiloli, ƙungiyoyin da aka kafa shekaranjiya, kowa yana son ganin sunansa da manyan baƙaƙe. A lokacin ne Malam Rabi'u, tsohon malamin lissafi da ya ajiye aiki, ya sayi tsofaffin kwamfutoci na hannu, ya kama bene a saman shagunan teloli a Gyadi-Gyadi, ya buɗe makarantar koyon kwamfuta. Mafi yawan ɗalibansa ma'aikatan jinya ne da 'yan makaranta daga asibitin koyarwa. Ya nemi wanda zai riƙa kula da na'urorin, aka kawo masa Magaji.

Malam Rabi'u dogo ne, mai son alli, mai dariya da ƙarfi. Halinsa ɗaya da duk wanda ya zauna da shi ya sani: ba ya rufe abu. Ƙofar ofis, littafi, murfin biro, rediyo, duk yadda ya buɗe su haka zai tashi ya bar su. A shekarun farko shi da Magaji musu suke yi sosai. Malam yana da lissafi, Magaji yana da hannu da naci, sai su wuni suna jayayya a kan dalilin da ya sa na'ura ta tsaya, telolin ƙasa suna jiyo su. Malam ne ya laƙa masa suna Injiniya, shi ne kuma ya koya masa rubuta furogiram, wato jerin umarnin da ake ba kwamfuta. Cikin 'yan shekaru ɗalibi ya wuce inda malami ya tsaya, Malam kuma bai ji haushi ba, sai ma faɗa wa mutane da yake yi.

Sai Larai ta hau benen. 'Yar fari ce a wurin Malam, tana karatun jinya, ta zo a buga mata aikin kammala makaranta. Aikin da ake bugawa a yini ɗaya ya ɗauki Magaji sati biyu, kullum da sabon gyara da sai ta dawo ta duba. A 2002 aka ɗaura aure.

Tun daga ranar bakin Magaji ya mutu. Ubangida ya zama suruki, musu ya ƙare. Takalminsa a bakin ƙofar ofis yake cirewa, ya durƙusa ya gaida Baba, idonsa a ƙasa. Ba ya cin komai a gabansa, ko ruwa ba ya sha. Gurasar da yake ci da rana a bayan keken wani tela yake cinye ta, yana sauraron motsin matakala. Akwai wani ɗalibi mai suna Rabi'u da ya yi wata shida a makarantar, Magaji bai taɓa kiransa da komai ba sai "mai sunan Baba". Sauran mutane sukan ga surukansu ranar Juma'a ko da salla, su yi kunyar rabin sa'a su koma gida su miƙe ƙafa. Shi kuwa Magaji tun daga safe har la'asar sakaliya yake tare da nasa, katako kawai ke tsakaninsu.

Idan Malam ya ce, "Injiniya, ina ganin zafi ne ya dame ta," Magaji zai ce, "Haka ne, Baba," sannan ya je ya gyara abin da ya lalace na gaskiya.

A 2006 makarantar ta bunƙasa. Malam ya sayo wata babbar na'ura ta hannu, aka jona mata allunan kwamfutocin ɗalibai duka, kowa yana aiki daga kujerarsa amma ƙwaƙwalwa ɗaya ke yi musu hidima. Ya buɗe ajin difloma na masu koyon rubuta furogiram. Darasin da ya fi so shi ne gasa: a ba ɗalibai tarin sunaye a hargitse, kowa ya rubuta furogiram da zai jera su, a ga na wa ya fi sauri. Da agogon hannu ake aunawa, kuma ba a taɓa tashi lafiya ba. Wannan ya ce an makara wajen dannawa, waccan ta ce lokacin da nata ke gudu wani yana buga wasiƙa ya ja mata nauyi.

Magaji ya je shagon intanet ya sauko da littafin da masu ƙera ƙwaƙwalwar na'urar suka rubuta, ya buga shi a takarda, ya yi kaurin bulo. A ciki ya gano cewa ƙwaƙwalwar tana da wasu 'yan mitoci nata na kanta, kamar mitar wuta, guda biyu kacal. Kana iya ce wa ɗaya ta ƙirga umarni nawa aka aiwatar, ɗayar kuma ta ƙirga sau nawa na'ura ta nemi abu a kusa ta rasa, sai da ta je nesa ta ɗauko. Ba ruwansu da yatsan mai danna agogo.

Matsalar ita ce isa gare su. A cikin kowace kwamfuta akwai wata manhaja da ke zaune a tsakiya, masu sana'ar suna ce mata kanel. Ita ke raba komai: wa za a saurara yanzu, wa zai jira, wa aka yarda ya taɓa me. Furogiram ɗin ɗalibi ba ya miƙa hannu cikin ƙwaƙwalwa da kansa, sai ya nema a wurin kanel ta ƙofar da aka tanada. A manhajar da ke kan na'urarsu kuwa ba a yanka wa mitocin ƙofa ba. Da yake irin manhajar nan ce ta kyauta, wadda kowa ke iya buɗe cikinta ya ƙara abin da yake so, Magaji ya ce shi zai yanka.

Damina guda ya yi a kai. Rubutun bai ba shi wahala kamar yanke shawara ba. Shin a miƙa wa ɗalibi mitar ya juya ta yadda ya ga dama, ko ya faɗi abin da yake so a ƙirga, kanel ta yi masa? Ya zaɓi na biyu, don ya san ɗalibansa. Sannan na'urar tsalle take yi tsakanin masu aiki, ta ɗan yi wa wannan, ta ɗan yi wa wancan, cikin saurin da ido ba ya gani. Dole duk lokacin da za ta bar aikin wani, kanel ta karanta mitarsa ta adana, in ta dawo ta ɗora daga inda aka tsaya, kada a lissafa wa wani gumin wani. Abu na ƙarshe shi ne rabo. Mita biyu, aji cike. Ya tsara a riƙa yin karɓa-karɓa: kowa a ba shi na ɗan lokaci, a karɓe a miƙa wa na gaba, a ƙarshe a gaya masa, ga abin da aka ƙirga, ga kuma kason lokacin da mitar ta yi a hannunka, sai ka ninka.

Da ya yi wa Larai bayani a gida ta ce, "Wannan ai shi muke yi kullum a asibiti da ma'aunin zafi. Ɗaya ne a ɗakin, gado ashirin. Damina guda ka yi kafin ka gano?"

"Naku ba ya tsalle."

"Ka zo ɗakin yara ka gani."

Wata Asabar da rana, babu kowa a benen, ya zauna gwaji. Ya buɗe furogiram ɗaya da sunan da Malam ke shiga na'ura da shi, ya buɗe wani da sunan wata ɗaliba, Hasana, ya sa kanel ta riƙa nuna masa abin da take yi. Komai ya tafi daidai. Allo ya cika da layi iri ɗaya, yana gudu: an karɓe daga Baba, an ba Hasana. An karɓe daga Baba, an ba Hasana.

Magaji ya janye hannunsa daga kan madannai. Ya san na'ura ce, ba ta san kowa ba. Amma shi ya rubuta umarnin. Da yatsunsa ya rubuta a fizge abu daga hannun mahaifin matarsa a miƙa wa yarinyar da ba ta kai Larai ba, ba sallama, ba a gafarta, kuma a maimaita sau ba adadi kafin mutum ya gama atishawa. Ya tashi ya zagaya ɗakin. Ya leƙa ofishin Malam, ƙofa a buɗe, ba kowa. Ya dawo ya ƙara layuka uku: idan mai riƙe da mita Baba ne, kada a karɓa, sai ya saki da kansa.

Saura abin da za a ce wa wanda ya nema alhali mitar tana hannun Baba. Da farko ya rubuta na'ura ta ce Baba ne ya riƙe. Ya karanta, ya ji kamar kai ƙara. Ya goge. Ya bar ta ta yi shiru, ta miƙa wa mai nema abin da aka ƙirga masa. Tunda ba a ƙirga masa komai ba, abin da zai gani sifili ne. Ya ce a ransa ai Baba ba zai daɗe ba.

Ranar Litinin Malam ya tsaya gaban aji yana murna. Ya buɗe furogiram ɗinsa, ya nemi mitoci biyun duka, lambobi suka fito tsaf. Ya rubuta su a allo da alli, ya ja musu layi biyu, ya ce kowa ya gwada nasa. Sai aka zo aka ce ana jiransa a tafi ɗaurin aure a Wudil. Ya ɗauki hularsa ya sauka, furogiram a buɗe.

Aji duka sifili.

Washegari ma haka. Malam ya duba allunan ɗalibai ɗaya bayan ɗaya, ya koma nasa, lambobi suna nan daram. "Na'ura ɗaya, ƙofa ɗaya," in ji shi. "Nawa yana magana, naku ya yi gum. Injiniya, laifin na'ura ne?"

"A'a, Baba," in ji Magaji. Wannan kam gaskiya ce.

Daga nan ya shiga dabaru. A matsayinsa na mai kula da na'ura yana iya rufe furogiram ɗin Malam daga kujerarsa, amma wanda ya kasa karɓar mita ina zai iya korar mutum ɗungurungum. Sai ya koma kashe na'urar gaba ɗaya in Malam ya fita, don in kowa ya faɗi tare ba a ci mutuncin kowa ba. Ɗalibai suka samu kwana biyu na sa'a. Da Malam ya ga furogiram ɗinsa yana yawan mutuwa, ya ɗora wa wuta laifi, ya tafi kasuwar 'yan kwamfuta ya dawo da wani ƙaton batir, ya sa Magaji ya jona da hannunsa. Magaji ya gwada kiran ɗalibai da sassafe, su yi awo kafin Malam ya iso. Malam ya ji daɗin himmar, shi ma ya fara zuwa da sassafe.

Sau ɗaya ya yi ƙarfin hali ya cire layukan a ɓoye. Ba a jima ba murya ta fito daga bayan katako.

"Injiniya, wa ya taɓa mini lissafi? Jiya ba haka yake ba. Kuma mene ne wannan kaso da take ce mini in ninka?"

Kafin Malam ya gama neman tabaransa, Magaji ya mayar da layukan. Malam ya sake dubawa ya ce, "To, ta dawo hayyacinta."

Haka aka yi gwaji biyu, duk ajin suka faɗi. Malam ya daina dariya. Ya ce shekara talatin yana koyarwa bai taɓa sa hannu a takardar shaidar wanda bai iya ba, ba kuma zai fara da tsufansa ba. In jarrabawar ƙarshen wata ta zo haka, babu wanda zai fita da difloma.

Hasana ta tare Magaji a matakala. Ma'aikaciyar jinya ce, daga aiki take wucewa aji da fararen kayanta, tana son a mayar da ita sashen kwamfuta na asibiti.

"Malam Magaji, don Allah duba mini. Sunayen suna jeruwa, da idona nake gani. Ta yaya abu zai yi aiki a ce bai yi komai ba?"

Ya karɓi takardar ya duba. Aikin mai kyau ne.

"Ina kuskuren?" ta tambaya.

"Ba a nan yake ba."

"To a ina?"

"Zan duba," ya ce, ya sauka da sauri kamar ana kiransa.

Ranar Juma'a da safe, suna karyawa a gidansu na Tarauni, ya kwashe komai ya gaya wa Larai. Ta ajiye kofin koko ta yi dariya har sai da 'yarsu Zainab ta leƙo ta ga lafiya.

"Wato kunyar taka ba ta ishe ka ba, sai da ka koya wa injin."

"Larai, ba abin dariya ba ne."

"Abban Zainab, mutum goma sha wani abu ne za su rasa takarda don kar a karɓi abu a hannun Baba. Shi Baban ya ma san yana riƙe da shi?"

"Bai sani ba."

"To ka girmama shi bai sani ba, ka sa ya ci zalin 'ya'yan mutane bai sani ba. Sannu da ƙoƙari."

Magaji ya riƙa juya ƙosai a faranti. Can ya ce, "Da ke za ki gaya masa. Ko ki gaya wa Inna, ita ta san yadda za ta yi."

"Inna ta ce masa me? Inna rediyo ma sai an kama mata tasha. Ni kuma in na fara zai tambaye ni abu biyu in kasa amsawa, ya aika a kira ka. Uban nawa ne, layukan naka ne." Ta tashi tana tattara kwanuka. "Ka sa farar shaddar nan. In za a kore ka, a kore ka da kyan gani."

Bayan la'asar ya hau adaidaita zuwa Darmanawa, unguwar su Malam. Ya sauka tun kafin layin, ya ƙarasa a ƙafa. Malam yana zaure a kan darduma, rediyo yana magana shi kaɗai a gefe, ga littafi a kife. Magaji ya cire takalmi ya durƙusa daga bakin ƙofa. Aka yi gaisuwa, aka tambayi Larai da Zainab, aka tambayi mutanen Bunkure, aka yi maganar ruwan bana. Gaisuwa ta ƙare, Magaji bai tashi ba.

"Da magana, Injiniya?"

"Wata 'yar fatawa ce, Baba. Wani mutum ne aka ba shi rabon abu. Abin kaɗan ne, masu nema da yawa. Sai ya zamana cikin masu neman akwai wani babba."

"Babba kamar wa?"

"Babba dai sosai."

"To."

"Sai mai rabon ya ji nauyi. Ya ce shi babban in ya karɓa kada a karɓe, sai ya gama."

"Ya yi tarbiyya," in ji Malam.

"Haka ne, Baba. Sai dai shi babban, Allah ya yi shi mai yawan hidima. Yakan tashi bai ajiye ba."

Malam ya miƙa hannu ya rage muryar rediyo. Ya dubi Magaji, Magaji ya dubi tabarma.

"Abin guda nawa ne?"

"Biyu, Baba."

"Babban nawa yake ɗauka?"

"Biyun."

Wani mai tallan rake ya wuce ta ƙofar gida, muryarsa ta yi nisa.

"Wato na'urar ta san ni," in ji Malam a hankali. Akwai wani abu kamar jin daɗi a muryar. "Cikin mutanen nan duka, in ta ga ni ne sai ta rusuna."

"Haka aka gaya mata, Baba."

"Yaran nan kuma da na ce ba su iya ba?"

"Sun iya, Baba."

Tun da aka ɗaura aurensa Magaji bai taɓa faɗa wa Malam abin da ya saɓa wa maganarsa ba sai yau. Malam ya cire hula ya shafa kansa, ya mayar. Ya daɗe yana kallon bango.

"Na yi musu faɗa a gaban juna," ya ce. "Na ce wa yarinyar nan Hasana ta koma ta ci gaba da yin allura." Ya ja numfashi. "A da, da kake musu da ni, ba ka taɓa bari na yi kwana biyu a kan kuskure ba. Na ba ka 'ya, na rasa Injiniya."

Malam ya gyara zama, ya dubi Magaji.

"To, yanzu me kake so a yi?"

"A cire layukan, Baba. Kowa ya bi layi."

"Har ni?"

Magaji ya ƙara sunkuyawa.

"Ka ce biyu ne," in ji Malam. "Ka bar mini ɗaya. Ina koyarwa, ina bukatar lambar da ba ta rawa, wadda zan rubuta a allo gobe in same ta yadda na bar ta. Ɗayar su yi karɓa-karɓarsu. Amma kada a ɓoye. Duk wanda ya nema bai samu ba, ta gaya masa a hannun wa take. Da sunana, ba Baba ba."

"Baba, sunan..."

"In ba za ka iya bugawa ba, ni zan buga da kaina."

Haka aka yi. Magaji ya cire layuka ukun, ya sake fasalin ƙofar. Yanzu mai nema yana faɗa tun farko ko ta karɓa-karɓa yake so ko kafaffiya, kafaffiyar kuma ɗaya ce, mai koyarwa ake fara ba. Sifilin shiru ya kau. Wanda bai samu ba, na'ura tana gaya masa dalili da sunan mai riƙe. Ranar da aka zo wurin sunan, Magaji ya tashi ya ba da kujera, Malam ya buga da yatsa ɗaya, shi kuma yana kallon taga.

Malam ya tsaya gaban aji ya soke gwaji biyun. Bai ɗora wa na'ura ba, bai ambaci Magaji ba. Cewa ya yi shi ne ya riƙe abin awo ya tafi ɗaurin aure da shi, su yafe masa faɗan da ya yi. Ɗalibai kuma suka gano amfanin sabon saƙon da wuri. Da zarar wani yana son awo mara rawa ya ga sunan Malam, sai ya je ya tsaya a ƙofar ofis yana murmushi. Kafin wata ya ƙare, Malam Rabi'u ya koyi rufe furogiram. Ƙofa da biro da rediyo dai suna nan yadda suke.

Aka yi jarrabawa, ajin ya haye, ban da mutum biyu da sifilinsu na gaskiya ne. Da yamma, ɗalibai sun watse, Malam ya kira Magaji ofis. Takardu biyu ne a gabansa.

"Injiniya, ga nawa, ga na Hasana. Na auna, amma ina so in ji daga bakinka. Wanne ya fi sauri?"

Magaji ya dubi takardun daga inda yake durƙushe. Ya dubi ƙofa.

"Kowanne da irin kyansa, Baba."

"Ban tambaye ka kyau ba."

"Na Hasana, Baba."

"Da yawa?"

"Kaɗan."

"Injiniya."

"Da yawa, Baba."

Malam ya bushe da dariya, irin wadda telolin ƙasa suka daɗe ba su jiyo ba. "Ƙarya ne, a wurin jera sunaye kawai ta fi ni. A ba mu lambobi ka gani."

"Ko lambobin ne, Baba. Naka yana komawa farkon jeri ba dalili."

"Ba dalili? Matso ka ga dalilin."

Magaji ya matsa, har yanzu a durƙushe, ya ɗora yatsa a kan layin da yake nufi. Suna nan suna yi har aka kira magariba, ba wanda ya sallama wa wani.